Yadda Ake Ƙaramin Bincike a Asibitin Unguwa: Misalin Masu Hawan Jini a Zangon Kumasi

Duk nas ɗin da ta daɗe a teburin awo a Aboabo, Asawase ko Sawaba ta san hawan jini ya yi yawa a Zango. Amma idan aka tambaye ta, a cikin masu karɓar magani a wajenku mutum nawa ne jininsu ya sauka yadda ake so, sai amsa ta zama "da dama" ko "kaɗan ne". Da irin wannan amsa ba a iya neman ƙarin magani ko ƙarin ma'aikaci a ofishin lafiya na gunduma, ba a kuma iya sanin ko wani gyara da aka yi ya yi amfani. Aiki da hujja yana farawa ne a lokacin da aka mayar da abin da ido ke gani ya zama lambar da wani zai iya sake ƙirgawa ya samu kusan abu guda.

Wannan bayani na nas-nas ne, da mataimakan likita, da ma'aikatan ɗakin magani, da ɗalibai masu aikin kammala karatu. Ba ya buƙatar tallafin waje. Abin da ake nema shi ne na'urar awo mai inganci da maɗaurai iri uku, da tef ɗin auna dantse, da kujera mai jingina, da waya ko kwamfuta, da mutum biyu ko uku da za su tsaya a kan aikin na kimanin wata uku. Mun ɗauki hawan jini ne a matsayin misali, amma tsarin zai yi wa ciwon suga, ko awon ciki, ko rigakafin yara.

Tambaya ɗaya, siririya

"Matsalar hawan jini a Zango" taken lacca ne, ba ya aunuwa. Tambayar da za a iya amsawa tana faɗin su waye ake magana a kansu, me ake dubawa, da wane sakamako. Ga misali: a cikin manya 'yan shekara 18 zuwa sama da suka yi aƙalla wata 6 suna karɓar maganin hawan jini a wannan asibiti, kashi nawa ne awonsu yake ƙasa da 140/90? Wannan iyaka ita ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a ƙa'idarta ta 2021 ga wanda ba shi da wata cuta a gefe, kuma sai lambobin biyu duka sun sauka sannan a ce jini ya daidaita. Mai 132/94 bai shiga ba.

Za a iya haɗawa da tambaya ta biyu, kamar ko akwai bambanci tsakanin masu katin inshorar lafiya mai aiki da waɗanda nasu ya mutu. Kada a wuce biyu. A rubuta ma'anar kowace kalma a takarda, a sa kwanan wata, tun kafin a buɗe foldar ko mutum ɗaya: me ake nufi da "yana shan magani", me ake nufi da "ya daina zuwa", su waye ba za a sa ba. Masu juna biyu a ware su, domin nasu hukuncin daban ne, haka ma wanda ya zo da zazzaɓi ko ciwo mai tsanani a ranar. Dalilin rubutawa tun farko shi ne, da zarar mutum ya ga lambobi, zuciyarsa takan ja shi ya gyara ma'ana don sakamako ya yi daɗin gani.

Abin da wasu suka riga suka gano

A fara da na gida. Ma'aikatar Lafiya ta Ghana tana da kundin ƙa'idojin magani na ƙasa, wanda bugu na bakwai ya fito a 2017, kuma a tambayi ɗakin magani ko akwai sabon umarni bayansa. Daga nan sai ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya, sai ɗakin karatu na Cochrane, ƙungiyar da aka kafa a 1993 don tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan tambaya ɗaya a tace su wuri guda. Taƙaitawarsu kyauta ce a intanet. PubMed, shafin neman takardun binciken lafiya, ma kyauta ne, sai dai da Turanci ake nema, kuma kalma uku sun isa a fara: sunan cutar, abin da ake dubawa, da Ghana. Ghana Medical Journal ana karanta ta ba biya, makarantu da asibitoci kuma suna iya yin rajista da Research4Life don samun mujallun da ake saya.

Samun takarda abu ne mai sauƙi, auna nauyinta ne aikin. Tambayar farko ga kowace takarda mai cewa wani magani yana aiki ita ce: da wa aka kwatanta, kuma wa ya raba mutanen? Idan likita ne ya zaɓi wanda zai samu sabon magani, zai iya ba masu ƙarfin jiki ba tare da ya lura ba. Idan ƙuri'a ce ta raba, to rukunan biyu sukan tashi kusan daidai a komai, har da abubuwan da ba wanda ya yi tunanin aunawa. Sannan a duba mutum nawa aka fara da su, nawa suka ɓace a hanya, tsawon wane lokaci aka bi su, da abin da aka auna a ƙarshe. Saukar lamba a na'ura daban, raguwar shanyewar ɓarin jiki da mutuwa daban.

Ghana tana da tarihin da ya kamata kowane ma'aikacin lafiya ya sani a wannan fanni. A Navrongo da ke arewacin Ghana, tsakanin 1989 da 1991, an raba yara sama da 21,000 ta ƙuri'a, wasu suna samun bitamin A duk wata huɗu, wasu suna samun ƙwayar da ba magani a cikinta, aka ga mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 19 cikin 100. A nan Navrongo ɗin aka gwada gidan sauro mai magani, sakamakon da ya fito a 1996 ya nuna raguwar mutuwar ƙananan yara da kashi 17 cikin 100. To amma ga ɗaya ɓangaren. Wani gwaji a Nepal ya nuna kamar bitamin A na mako-mako yana rage mutuwar mata wajen ciki da haihuwa sosai. Cibiyar bincike ta Kintampo ta maimaita shi da mata sama da 200,000, sakamakon ya fito a 2010, ba a ga raguwar ba. Da an tsaya a kan gwajin farko, da an zuba kuɗi mai yawa a abin da ba ya ceton uwa a nan. Shi ya sa ba a canza aiki saboda takarda ɗaya, komai kyanta.

Akwai kuma tambayar ko mutanen da aka yi gwajin da su sun yi kama da namu. Gwajin CREOLE, wanda aka buga a 2019, an yi shi ne da baƙaƙen fata 728 masu hawan jini a ƙasashen Afirka shida, ciki har da Najeriya da Kamaru. Ya nuna haɗin amlodipine da hydrochlorothiazide, ko amlodipine da perindopril, ya fi haɗin perindopril da hydrochlorothiazide sauke jini bayan wata 6. Ghana ba ta ciki, amma mutanen sun fi kusa da marasa lafiyarmu fiye da na gwajin da aka yi a Turai. Wata 6 ne kawai, kuma awon jini aka duba, saboda haka bai ce komai a kan wanda zai fi tsawon rai ba. Haka ake karanta takarda: abin da ta tabbatar a riƙe, abin da ba ta taɓa ba kada a ɗora mata.

Da wannan ma'auni za a auna saƙonnin WhatsApp masu cewa sobolo, wato zoɓo, ko tafarnuwa ko zogale sun raba wani da hawan jini har abada. A kan zoɓo an yi ƙananan gwaje-gwaje na 'yan makonni da suka nuna ɗan sauki a awo, wannan kuwa bai kai a ce wa mutum ya ajiye ƙwayarsa ba, balle ga sukarin da ake zubawa a na sayarwa.

Izini

Izini hawa uku ne. Na farko na shugaban asibiti da ofishin lafiya na gunduma, a rubuce. Na biyu na kwamitin ɗa'ar bincike: Hukumar Lafiya ta Ghana tana da nata a Accra, jami'ar KNUST tana da nata a nan Kumasi, asibitin koyarwa na Komfo Anokye ma haka. Idan foldoji kawai za a duba don gyaran aikin cikin gida, izinin shugaba yakan isa, amma da zarar za a yi wa mutane tambayoyi ko ana son a buga sakamako, a nemi kwamiti kafin a fara, domin ba sa ba da izini a kan aikin da aka gama. A ware masa makonni. Gwada sabon magani a jikin mutane kuwa, ko da na gargajiya ne, sai da amincewar hukumar abinci da magunguna ta ƙasa, kuma ya fi ƙarfin irin wannan ƙaramin aiki.

Na uku shi ne mafi nauyi, wato yardar mutumin da kansa. Masu jin Hausa ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, da shari'ar da ta biyo baya a kan ko iyaye sun san abin da ake yi. A karanta wa mutum takardar da harshen da yake ji, a faɗa masa ƙarara cewa in ya ƙi ba abin da zai taɓa maganinsa. Wanda ba ya rubutu ya dangwala yatsa a gaban shaidan da ba ya cikin masu binciken. Idan Hajiya ta ce sai ta shawarci maigida, a ba ta lokaci, amma yardar maigida ba ta maye gurbin tata. Kuma kada wanda ke rubuta mata magani ya zama shi ne mai neman yardar, don kunya ba za ta bar ta ta ce a'a ba.

Mutum nawa, kuma su waye

Idan ba a san kason da za a samu ba, ana ɗaukar rabi da rabi, a yarda da kuskuren maki 5 sama ko ƙasa, sai lissafi ya ba da mutum 384. Wannan na jama'a mai yawan gaske ne. Idan rajistar asibiti tana da masu hawan jini 900, ana rage shi: a raba 383 da 900, a ƙara 1, a raba 384 da abin da ya fito, sai a samu kusan 270. A ƙara saboda waɗanda za su ƙi ko ba za a same su ba, a nemi 300. Wanda ƙarfinsa bai kai ba, yana iya yi da 96, amma ya sani kuskurensa ya zama maki 10 kowane gefe.

Yawan bai kai yadda aka zaɓo su muhimmanci ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki waɗanda suka fara zuwa da safe har adadi ya cika. Su waye ke layi tun bayan Asuba? Galibi dattawa mata ne masu kiyaye ranar asibiti. 'Yar kasuwar Kejetia sai ta buɗe shago ta dawo, ko ta aiko yaro ya karɓo mata. Direban babbar mota yana hanyar Tamale ko Wagadugu. Mai sayen masara ba ya yarda da ta bakin buhu, sai ya zura hannu har ƙasa, haka ake yi da rajista. Tunda 900 ne ana son 300, a rubuta 1, 2, 3 a 'yan takardu, a sa wani ya ɗauki ɗaya ido rufe. In 2 ta fito, a ɗauki suna na 2, na 5, na 8, har ƙarshe. Wanda ƙuri'a ta faɗa kansa shi ake nema, ba a musanya shi da maƙwabcinsa don ya fi sauƙin samu.

A cikin waɗanda aka zaɓa za a tarar da waɗanda suka yi wata uku ko fiye ba su leƙo ba. Kada a share su. A kira su sau uku a ranaku da lokuta daban-daban, a rubuta abin da aka samu: ya koma wani asibiti, ya yi tafiya, yana saye a kantin magani, ya daina sha, ya rasu. Sau da yawa wannan jerin ya fi duk sauran binciken amfani, domin su ne waɗanda ake kawowa daga baya da shanyewar jiki.

Kada a yi aikin a cikin Ramadan sai in azumin ne ake bincika. Lokutan shan magani, barci da abinci duk suna canzawa.

Awon kansa

A nan yawancin ƙananan bincike ke mutuwa ba tare da masu shi sun sani ba. Lissafi ba ya gyara awon da aka yi ba daidai ba.

Na'ura ta zama ta dantse, ba ta wuyan hannu ba, kuma samfurin da aka tantance. Shafin STRIDE BP yana da jerin irin waɗannan. Na'ura ɗaya za a yi amfani da ita daga farko har ƙarshe, da sababbin batura, domin batir mai rauni yana kawo lambobin banza. Mai allura irin ta hannu tana kaucewa idan ta sha faɗuwa, tana son a daidaita ta duk wata 6.

Sai maɗauri. A auna kaurin dantse a tsakiya, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Santimita 22 zuwa 26 ƙarami, 27 zuwa 34 matsakaici, 35 zuwa 44 babba. Ƙaramin maɗauri a babban dantse yana ƙara lamba, har a ɗora wa mutum cutar da ba shi da ita ko a ƙara masa maganin da ba ya buƙata. Asibitoci da yawa matsakaici kaɗai gare su, alhali iyayenmu mata masu jiki suna da yawa a layin.

Minti 30 kafin awo ba goro, ba ataya, ba kofi, ba sigari. Goro yana ɗauke da sinadarin da ke cikin kofi, kuma tsoho yakan shigo da shi a kumatu ba ya ma lissafa shi a abin da ya ci, don haka sai an tambaya da sunansa: "Baba, an ɗan taɓa goro da safen nan?" A ba mutum dama ya kewaya, domin cikakkiyar mara tana iya ƙara kusan maki 10. A gama gaisuwa tukuna, a tambayi gida da iyali da kasuwa yadda aka saba, sannan a ce masa yanzu za a yi shiru na minti 5, a duba agogo. Ya zauna ya jingina, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji. Magana a lokacin awo tana ɗaga lamba, ko shi ke yi ko ana yi masa.

Maɗauri a kan fata ake sa shi. Naɗe hannun riga mai matsewa zuwa sama yana shaƙe dantse ya ɓata awo, gara a zare hannun daga rigar gaba ɗaya. Wannan yana nufin labule da ma'aikaciya mace ga mata. Inda ba a tanadi haka ba, za a ga ana ɗaurawa a kan hijabi da doguwar riga don a kauce wa kunya, lambobin mata duka su karkace.

A zuwan farko a auna hannu biyu, a ci gaba da wanda ya fi yawa. A yi awo uku, minti ɗaya zuwa biyu tsakani, a ajiye na farko, a ɗauki matsakaicin na biyu da na uku. A rubuta lambar yadda ta fito. 138 ba 140 ba ce, kuma a wannan bincike ita ce ke raba wanda jininsa ya daidaita da wanda nasa bai daidaita ba. Akwai hanyar kama wannan: a ɗauki awo 100 a ƙirga nawa suka ƙare da sifili. A na'ura mai batir ya kamata su zama kusan 10. In sun kai 40 ko 50, wani yana cike lamba. Idan bugun jini ba ya tafiya daidai, na'ura mai batir takan ruɗe, sai a koma ta hannu, a saki iska a hankali, maki 2 zuwa 3 a daƙiƙa.

A tambayi kowa ko ya sha ƙwayarsa da safen nan, a rubuta. Mutane da yawa suna zuwa ba su sha ba, a zatonsu awo sai da cikin da ba komai.

Abu ɗaya ba ya jiran bincike. Wanda aka samu da 180/110 ko sama, a sake aunawa, likita ya gan shi a ranar. In akwai ciwon kai mai tsanani, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, karkacewar baki ko mutuwar hannu, a ajiye fom a yi gaggawa. A rubuta wannan mataki a tsarin aikin tun farko, kowa ya san wa zai kira.

Fom ɗin tambayoyi

Kada ya wuce tambaya 20 ko minti 15. Duk tambayar da ba a san me za a yi da amsarta ba, a cire ta. Zangon Kumasi ba harshe ɗaya ba ne, akwai mai Hausa, mai Twi, mai Dagbani, mai Zabarmanci, mai Fulatanci. Kada a bar kowane mai tambaya ya fassara da ka a lokacin, don kowa zai yi tasa tambayar daban. Mutum ɗaya ya fassara a rubuce, wani da bai ga na asali ba ya mayar da shi Turanci, a gwama, a gyara inda suka saɓa. Sannan a gwada fom ɗin da mutum 10 zuwa 15 da ba sa cikin waɗanda aka zaɓa, ana tambayarsu me suka fahimta.

"Kina shan maganinki kullum, ko?" amsarta "E" ce a bakin kowa, domin ba mai son ya ɓata wa nas rai. A sauƙaƙa wa mutum faɗin gaskiya: "Hajiya, mutane da yawa sukan manta wani lokaci. A kwana bakwai da suka wuce, kwana nawa ne ba a samu an sha ba?" Mafi kyau ma a ce kowa ya zo da ledar magungunansa a ƙirga. Wanda aka ba ƙwaya 30 kwana 30 da suka wuce, aka tarar da saura 12, ya sha 18, wato kashi 60 cikin 100, kuma an saba ɗaukar 80 a matsayin iyakar kiyayewa. A ledar ne kuma za a ga maganin ciwon gaɓoɓi irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda ke ɗaga jini, da kwalaben gargajiya. A tambaya a kansu ba da faɗa ba, in ba haka ba gobe a bar su a gida.

Haka gishiri. Ba wanda zai ce yana cin gishiri da yawa. A tambayi dunƙule nawa ake sa wa tukunya, mutum nawa ke ci, sau nawa a mako ake sa kifin gishiri irin koobi ko momoni, sau nawa ake sayen abinci a waje. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye a cikin dunƙule da burodi.

Shekaru ma suna ba da wahala. Ranar haihuwar da ke kan katin wasu dattawa ƙiyasi ce. A yi jerin abubuwan da kowa ke tunawa: samun 'yancin kai a 1957, kifar da Nkrumah a 1966, dokar korar baƙi ta 1969, yunwar 1983 da dawowar mutane daga Najeriya. A tambayi mutum ko a lokacin yana goye, ko yana makarantar allo, ko ya yi aure. Waccan doka ta 1969 ta bar tabo a Zango, shi ya sa tambayar asali ko garin kakanni takan sa dattijo ya ja baya. In binciken ba ya buƙatarta, a bar ta.

Ajiya da lissafi

Kowane mutum lamba za a ba shi, ita ce a kan fom. Takardar da ta haɗa lamba da suna tana kulle a wuri daban, a hannun mutum ɗaya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2012 ta shafi wannan aiki, kuma ɗaukar hoton folda a tura ta WhatsApp saɓa amana ne ko da abokin aiki aka tura wa. KoboToolbox, tsarin cike fom, yana aiki a waya ba tare da intanet ba, Excel ma ya isa: layi ɗaya mutum ɗaya, lambar sama da ta ƙasa kowacce a gidanta, don "140/90" a gida ɗaya ba ya lissafuwa. Inda ba amsa a bar shi fanko, kada a sa sifili. Wani daban ya sake shigar da fom ɗaya cikin kowane goma a gwama.

A ce an auna mutum 270, aka samu 81 ƙasa da 140/90. Kashi 30 cikin 100 ke nan, amma a faɗe shi da iyakarsa: gaskiyar tana tsakanin kusan 25 da 35. A faɗi kuma nawa aka zaɓa, nawa suka ƙi, nawa ba a samu ba. Idan masu kati mai aiki sun fi samun sauƙi, a ce an ga alaƙa, kada a ce katin ne sanadi. Mai barin katinsa ya mutu yana iya zama shi ne matafiyi, ko mai ƙaramin ƙarfi, ko namiji matashi da ba ya jin ciwo, kuma kowanne cikin waɗannan zai iya zama ainihin dalili. A raba lissafin maza daban mata daban, manya daban matasa daban, a ga ko alaƙar ta tsaya.

A yi hattara da kalmar "rabi". Maganin da ya rage haɗari daga mutum 4 cikin 100 zuwa 2 ya rage rabi, amma sai an ba mutum 50 kafin a kare ɗaya. Wanda ya rage daga 40 zuwa 20 shi ma rabi ne, a nan kuwa mutum 5 sun isa. A riƙa faɗin lambobin biyu.

Gyara da sake aunawa

A zaɓi gyara ɗaya da sakamakon ya nuna, kada a yi biyar lokaci guda a rasa wanda ya yi aiki. In matsalar mutuwar kati ce, a sa mutum a teburin awo yana duba ranar ƙarewa, yana taimaka wa dattawa su sabunta ta waya da *929#. In matsalar ita ce ana barin mutum a kan ƙwaya ɗaya wata da watanni jininsa yana sama, a kafe matakan ƙara magani na kundin ƙasa a bangon ɗakin likita. In maɗauri ne, a sayi babba.

Bayan wata 6 a maimaita, da na'ura ɗaya, fom ɗaya, ma'ana ɗaya, da sabuwar ƙuri'a daga rajistar gaba ɗaya. Kada a koma kan waɗanda jininsu ya fi hawa kawai. Awo yana hawa yana sauka da kansa, wanda aka kama a ranar da nasa ya yi sama ƙwarai, yawanci zai yi ƙasa a karo na gaba ko ba a yi masa komai ba. Wannan shi ke sa kowane gyara, da kowane jiƙo, ya yi kamar yana aiki. Idan akwai wani asibiti maƙwabci da bai yi gyaran ba kuma ya yarda a auna nasa a lokaci guda, kwatancin zai fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Daga 30 zuwa 33 bai fita daga iyakar kuskure ba, kada a yi shelarsa a matsayin nasara.

Rahoton shafi biyu ya isa: tambaya, yadda aka zaɓi mutane, yadda aka auna, lambobi da iyakarsu, raunin aikin, da abin da za a canza. A gabatar wa ma'aikata, a kai wa ofishin gunduma, ko gyaran ya yi aiki ko bai yi ba, domin wanda bai yi ba zai hana wani asibiti ɓata wata shida a kansa. Mutanen da suka ba da hannunsu aka auna su ma suna da haƙƙin ji. A nemi Sarkin Zango da limamai su ba da minti goma bayan Juma'a, a je wa mata a makarantun Islamiyya da tarukan ƙungiyoyinsu, a faɗa da Hausa da Twi, ba suna, ba wata alamar da za ta sa a gane wani, a kuma sanar da ranar da za a dawo da na'ura da maɗaurai uku don auna duk wanda yake so.